Ciwon Ciki Mai Dawowa: Cikakken Maganin H. pylori, Furobayotik, Nono, ko Maganin Rage Asid?

Ranar da na je gaishe da goggona a Aboabo, na tarar da ita zaune a kan tabarma ta zazzage wata baƙar leda a gabanta. Akwai fallayen omeprazole, maganin rage asid ɗin ciki, da aka ɓalle rabinsu, da kwalbar farin maganin ƙwannafi da ta kusa ƙarewa, da ƙullin jar kanwa, sai kuma wani ɗan kwali mai ƙyalli da 'yarta ta aiko mata daga Accra, an rubuta probiotic a jikinsa, wato furobayotik, ƙwayoyin halitta masu rai da ake sha don gyaran ciki. Shekara biyu ke nan tana fama da zafi a ƙahon zuci wanda yake tashinta cikin dare, ga gyatsa, ga kumburin ciki, har ta rage zuwa rumfarta ta atamfa a Kejetia. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, a cikin waɗannan wanne zan riƙe, wanne zan bari? Kowa da abin da yake gaya mini." Ba ita kaɗai ke da irin wannan leda a zangunanmu na Kumasi ba, shi ya sa na ga ya dace a jera waɗannan hanyoyi a auna su ɗaya bayan ɗaya.

Matsaloli biyu da ake kira da suna ɗaya

Abin da jama'a ke kira olsa sau da yawa abu biyu ne daban. Na farko shi ne kamuwa da ƙwayar bakteriya mai suna Helicobacter pylori, a taƙaice H. pylori, wadda take zaune a cikin yauƙin da ya lulluɓe bangon tumbi. Dabararta ita ce tana fitar da wani sinadari da ke farfasa yuriya, wani dattin jiki da ke cikin ruwan tumbi, ya samar da amoniya, amoniyar kuma ta kashe kaifin asid ɗin da ke kewaye da ita, ta haka take rayuwa shekara da shekaru a wurin da yawancin ƙwayoyi ba sa iya zama. Likitoci biyu ne a garin Perth na Ostiraliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ta a 1982, kuma da abokan aikinsu suka ƙi yarda cewa ƙwaya na iya haddasa gyambon ciki, sai Marshall ya sha ruwan da aka raini ƙwayar a ciki a 1984, ya kamu da kumburin bangon tumbi. An ba su lambar yabo ta Nobel a 2005. Tun 1994 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ƙwaya cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo dajin tumbi. Kusan rabin mutanen duniya na ɗauke da ita, adadin ya fi yawa a Afirka, yawanci tun ana yara ake ɗaukarta a cikin gida ta hanyar yawu ko gurɓataccen ruwa da abinci, kuma mafi yawan masu ita ba sa jin komai. Kaɗan ne take kaiwa ga gyambo, waɗanda take kaiwa ga daji kuwa sun fi haka ƙaranci.

Na biyu shi ne rikicewar ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a cikinmu, mafi yawansu a babban hanji, kaɗan a tumbi. Abubuwa biyu ne suka fi birkita su a wurinmu: shan antibayotik ba bisa ƙa'ida ba, kamar yadda ake ɓallo kafso biyu ko uku a kemis da zarar ciki ya murɗa, da kuma daɗewa a kan maganin rage asid, domin idan asid ya yi ƙasa ƙwayoyin baki da na abinci sukan sami damar yaɗuwa a inda a da ba sa kaiwa. Alamomin sukan yi kama da na matsalar farko, wato kumburi da iska da zawo ko taurin bayan gida, amma maganin ba ɗaya ba ne.

Ma'aunan da za a yi amfani da su

Abu biyar zan duba a kowace hanya. Na farko, kuma mafi nauyi, shin tana kawar da tushen ciwon ne ko kwantar da shi kawai take yi. Sai farashi, wanda ba zan ambaci adadinsa da sidi ba saboda yana canzawa daga shago zuwa shago da kuma daga wata zuwa wata, sai dai in nuna wanne ya fi wani nauyi a aljihu. Sai ɗorewa, wadda ta ƙunshi daɗewar amfanin a jiki da kuma jurewar maganin kansa ga zafin garinmu da ɗaukewar wuta. Sai sauƙin bi, sai haɗari.

Amma kafin duk wannan akwai gwaji, domin shi ne ke raba gardama. Gwajin bayan gida da gwajin numfashi suna nuna ko ƙwayar tana nan da ranta a yanzu. Gwajin jini, wanda ya fi araha kuma ya fi samuwa a ƙananan ɗakunan gwaji, alamar da jiki ya ajiye ce kawai yake gani, saboda haka yana iya nuna akwai ƙwaya alhali an daɗe da kashe ta, kuma ba ya da amfani wajen tabbatar da warkewa. Akwai sharaɗin da mutane da yawa ba a gaya musu: dole a dakatar da omeprazole da danginsa na mako biyu, antibayotik kuma na mako huɗu, kafin a yi gwajin bayan gida ko na numfashi, in ba haka ba sakamakon na iya cewa babu komai alhali akwai.

Hanya ta farko: cikakken maganin kashe ƙwayar

Wannan ita kaɗai ce hanyar da aka tabbatar tana kawar da H. pylori. Tsari biyu ne suka fi shahara. Ɗaya haɗin magani uku ne, wato maganin rage asid irin omeprazole, da amoxicillin, da clarithromycin, safe da yamma na kwana 14. Ɗayan haɗin huɗu ne, wato maganin rage asid, da bismuth, da tetracycline, da metronidazole wanda aka fi sani da Flagyl, na kwana 10 zuwa 14. Likita ne ke zaɓa, kuma yana da muhimmanci a gaya masa gaskiya game da antibayotik ɗin da aka sha a baya, domin ƙwayar ta koyi jure wa wasu daga cikinsu. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa H. pylori mai jure wa clarithromycin cikin jerin ƙwayoyin da ake matuƙar buƙatar sabon magani a kansu, jurewa ga metronidazole kuwa ta yi yawa a Afirka, inda aka mayar da Flagyl maganin kowane zawo.

Ta fuskar kuɗi, ita ce ta fi tsada a karo guda idan aka haɗa ganin likita da gwaji biyu da magani, ko da yake katin inshorar lafiya na NHIS yana rage wani ɓangare na nauyin. Sai dai a ganina a ƙarshe ita ce mafi araha, domin da goggona ta lissafa abin da ta zuba a kemis cikin shekara biyu, ta ga ya zarce kuɗin gwajin da maganin gaba ɗaya. Ɗorewarta ba ta da na biyu: idan aka kashe ƙwayar, gyambon yakan warke kuma ba kasafai yake dawowa ba, sake kamuwa ga babban mutum ma ba ta da yawa, musamman in ruwan sha mai tsabta ne.

Wahalarta tana wajen bi. Ƙwayoyin magani suna da yawa, haɗin huɗu yana buƙatar sha har sau uku ko huɗu a yini, clarithromycin da metronidazole suna barin ɗaci ko ɗanɗanon ƙarfe a baki, ga tashin zuciya, ga zawo. Bismuth yana baƙanta harshe da bayan gida na ɗan lokaci, wanda ba abin tsoro ba ne idan an san da shi. A rana ta biyar ko ta shida, daidai lokacin da zafin cikin ya lafa kuma illolin maganin suka fara damun mutum, a nan ne da yawa ke ajiye sauran fallayen. Wannan kashe maciji ne ba a sare kansa ba, domin ƙwayoyin da suka tsira su ne masu ƙarfi, kuma zagaye na biyu ya fi na farko wuya da tsada. Masu juna biyu da yara ƙanana ba sa shan tetracycline, wanda jikinsa ba ya karɓar penicillin ba ya shan amoxicillin, clarithromycin kuma yana karo da wasu magungunan zuciya da na rage kitsen jini, saboda haka a tafi asibiti da duk ledar magungunan da ake sha.

Wani abu da ya shafe mu musamman shi ne azumi. Haɗin da ake sha sau biyu yana iya dacewa da sahur da buɗa baki, amma wanda ake sha sau huɗu ba ya shiga tsakanin magariba da asuba yadda ya kamata. Gara a tsara maganin kafin watan Ramadan ko bayansa, in kuma ciwon ya yi tsanani, shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame ya sha ya rama.

Hanya ta biyu: furobayotik na kafso ko na gari

Ma'anar da ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da ita a 2001 ita ce, furobayotik ƙwayoyin halitta ne masu rai waɗanda idan aka sha isasshen adadi suke amfanar lafiya. Sharaɗi biyu ke nan, rai da yawa, kuma a kansu ne kwalaye da dama ke faɗuwa. Amfanin kuma na nau'i ne, ba na sunan furobayotik gaba ɗaya ba. Waɗanda aka fi bincike a kansu sun haɗa da Lactobacillus rhamnosus GG, da Lactobacillus reuteri, da Bacillus clausii, da kuma Saccharomyces boulardii, wanda shi yis ne ba bakteriya ba, wani Bafaranshe mai suna Henri Boulard ya samo shi daga ɓawon 'ya'yan itace a kudu maso gabashin Asiya a 1923.

Gaskiyar da mai talla ba ya faɗa ita ce, furobayotik shi kaɗai ba ya kawar da H. pylori. Yana iya rage yawanta, mutum ya ji sauƙi, amma tana nan. Inda yake da amfani na zahiri shi ne a matsayin abokin tafiyar hanya ta farko: yana rage zawon da antibayotik ke jawowa, wasu nau'o'in kuma suna ɗan ƙara yiwuwar nasara, wataƙila domin wanda cikinsa bai ɓaci ba ya fi iya kammala kwana 14. Idan na bakteriya ne, a ba da tazarar kamar awa biyu tsakaninsa da antibayotik, don kada maganin ya kashe shi tun a tumbi. Saccharomyces boulardii ba ya buƙatar wannan tazarar tunda antibayotik ba ya taɓa yis, amma maganin fangas irin fluconazole yana kashe shi.

Batun dawo da ƙwayoyin hanji yadda suke a da bayan an gama antibayotik kuwa, abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Wani bincike da aka yi a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila a 2018 ya nuna cewa waɗanda suka sha wani haɗin furobayotik bayan antibayotik, ƙwayoyinsu na asali sun fi jinkirin dawowa a kan waɗanda aka bari jikinsu ya farfaɗo da kansa. Don haka ban ga dalilin ci gaba da sayen kwali bayan kwali na watanni ba.

Yana da tsada, domin kusan duka daga waje ake shigo da shi, kuma amfaninsa ba ya ɗorewa, yawancin nau'o'in suna ɓacewa daga hanji cikin kwanaki ko 'yan makonni bayan an daina sha. Matsalar ajiya ita ce ta fi damuna. Kwalin da aka ce a sa a firji, wanda ya kwana a tashar jirgin ruwa ta Tema, ya hau mota zuwa Kumasi cikin rana, ya zauna a shagon da ake ɗauke wa wuta, yana iya isa hannun mai saye da 'yan ƙwayoyi kaɗan masu rai. A yanayinmu na fi amincewa da nau'o'in da aka busar don su jure ajiyar ɗaki, irin Saccharomyces boulardii da Bacillus clausii. A duba abu huɗu a jikin kwali: cikakken sunan nau'in, adadin ƙwayoyin da ake rubutawa da haruffan CFU kuma ya zama na ranar ƙarewar wa'adi ne ba na ranar haɗawa ba, ranar ƙarewar kanta, da lambar rajistar hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, FDA. Ga mai lafiya haɗarinsa kaɗan ne, sai ɗan iska a kwanakin farko. Ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni sosai, ko mai jinyar daji, ko wanda aka sa wa bututu a babbar jijiya, ko jaririn da aka haifa bakwaini, ƙwayar na iya shiga jini, saboda haka ba a ba su sai da izinin likita.

Hanya ta uku: nono, yogot, fura da burkina

Wannan ita ce hanyar da ta fi kusa da mu kuma ta fi araha, kuɗinta kuɗin abinci ne. Nono mai tsami da yogot suna ɗauke da bakteriya masu samar da tsami, kuma wani bincike na Jami'ar Stanford a 2021 ya nuna cewa mutanen da suka yawaita cin abinci mai tsami irin wannan na mako 10, nau'o'in ƙwayoyin hanjinsu sun ƙaru. Amma akwai kuskuren da ya kamata a gyara. Koko da kenke da daddawar miya duka an tsimar da su, sai dai wuta ta bi ta kansu, ƙwayoyin sun mutu kafin su iso baki. Abinci ne masu kyau, ba furobayotik ba ne. Haka nan yogot ɗin da aka dafa bayan ya yi tsami don ya daɗe a kanta ba tare da firji ba, babu mai rai a cikinsa.

Haɗarin yana wajen madarar da ba a tafasa ba. Ɗanyar madarar shanu na iya ɗauke da ƙwayar tarin fuka ta shanu, da ƙwayar Brucella mai jawo zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da Salmonella, kuma tsamin nono ba ya kashe su duka. Mai neman gyaran ciki da ya sha irin wannan ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago. Kwalbar burkina, wato haɗin gero da nono, da ta yini a cunkoson motoci ƙanƙararta ta narke ita ma abar dubawa ce, ga sukarin da ke ciki mai yawa ga mai ciwon sukari. Mafi aminci shi ne a tafasa madara a gida, a bari ta huce har ɗan yatsa ya iya jure ɗuminta, a zuba cokali biyu na yogot mai rai, a rufe ta kwana. Wanda ke shan tetracycline ya raba shi da nono da aƙalla awa biyu, domin sinadarin kalsiyam yana riƙe maganin ya hana jiki tsotse shi. Ƙwayoyin hanji kuma suna son abinci mai harza, wake da gero da kuɓewa da kuka da albasa, waɗanda dama suna cikin tukunyarmu. Wannan hanya ba ta kashe H. pylori, kuma sanyin da madara ke sa wa ciki na ɗan lokaci ne.

Hanya ta huɗu: maganin rage asid da kanwa

Farin maganin ƙwannafi yana aiki cikin mintoci, yana kuma gushewa cikin awa ɗaya ko biyu. Omeprazole ya fi shi ƙarfi, yana warkar da gyambo ma, amma muddin ƙwayar na nan gyambon kan dawo bayan an daina. Suna da araha, suna jure zafi, babu wahalar sha, kuma wannan sauƙin shi ne tarkonsu, domin suna ɓoye ciwo na shekaru, suna ɓata sakamakon gwaji, daɗewa a kansu kuma yana ƙara haɗarin cututtukan hanji da ƙarancin bitamin B12 da magnesiyam. Kanwa gishirin sodiyam ce mai kashe asid na ɗan lokaci, ba ta dace da mai hawan jini ko ciwon ƙoda ba. A kuma tuna cewa diclofenac da ibuprofen da asfirin, waɗanda masu dako da 'yan kasuwa ke sha don ciwon jiki, su ne babban sanadin gyambo na biyu bayan ƙwayar.

| Hanya | Kashe H. pylori | Farashi | Ɗorewa | Sauƙin bi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Cikakken magani | Ƙwarai, in an kammala | Mai nauyi, sau ɗaya | Mai daɗewa | Da wuya, kwana 10 zuwa 14 | Zawo, tashin zuciya, jurewar ƙwaya in an katse |
| Furobayotik | A'a, taimako ne | Mai tsada | Gajere, zafi na lalata wasu | Da sauƙi | Kaɗan, sai ga mai raunin garkuwa |
| Nono da yogot | A'a | Mai araha | Muddin ana sha | Da sauƙi | Ɗanyar madara, sukari |
| Rage asid da kanwa | A'a | Mai araha, amma yana taruwa | Awoyi ko makonni | Mafi sauƙi | Ɓoye ciwo, ɓata gwaji |

Wa ya dace da wanne

Wanda zafin ƙahon zuci ya daɗe yana dawo masa, ya fara da gwajin bayan gida ko na numfashi. Idan an ga ƙwayar, hanya ta farko ce tasa, ya kuma koma a sake gwaji aƙalla mako huɗu bayan ƙwayar magani ta ƙarshe, domin jin sauƙi ba shaida ba ce. Haka goggona ta yi: an ga ƙwayar, ta sha haɗin kwana 14, jikarta na yi mata alama a kalandar bango kowace safiya da yamma, kwalin Accra kuma ya yi aikinsa a waɗannan kwanakin kaɗai. Idan mahaifi ko ɗan'uwa na jini ya taɓa yin dajin tumbi, yana da kyau manyan gidan su yi gwaji ko da ba sa jin komai.

Wanda zai fara antibayotik kuma ya san cikinsa kan ɓaci da shi, ya haɗa da furobayotik mai sanannen nau'i tun ranar farko, in kuɗi bai kai ga duka biyun ba, maganin likita ne a gaba. Wanda gwaji ya nuna ba ya da ƙwayar, sai kumburi da iska bayan yawan shan kafso, ya daina antibayotik na kai-tsaye daga kemis, ya riƙe nonon da aka tafasa madararsa da abinci mai harza na wasu makonni. Mai ƙwannafi na jefi-jefi bayan tuwo mai nauyi ko shito mai yaji da daddare, farin magani ya ishe shi, tare da barin tazarar awa biyu zuwa uku tsakanin abinci da kwanciya.

Akwai kuma wanda babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da ya kamata ya tsaya aunawa: mai aman jini, ko baƙin bayan gida mai danƙo kamar kwalta alhali ba ya shan bismuth ko maganin ƙarin jini, ko rama ba dalili, ko wahalar haɗiya, ko amai mai yawa, ko wanda ya manyanta ciwon ya fara masa sabo. Wannan ya nufi asibiti a ranar, a Kumasi akwai asibitin koyarwa na Komfo Anokye, a Accra akwai Korle Bu, inda ake iya leƙa tumbi da na'ura mai kyamara a ga abin da ke ciki da ido.